Aiki bai kai ba: wace jimlar Turanci za ka ɗauka, wacce za ka bari?

Faɗa wa mutum cewa aikinsa bai kai ba abu ne mai nauyi ko da harshenka ne, balle da Turanci, kuma a rubuce, inda babu murmushi ko sassauta murya da za su rage wa maganar kaifi. Shugaban makarantar da zai rubuta rahoto kan sabon malami, injiniyan da aka tura duba ginin ɗan kwangila, ma'aikaciyar ƙungiyar agaji da za ta yi wa masu ba da tallafi bayani, ɗan kasuwar da aka turo wa kaya ba irin wanda ya biya ba, duk a wuri ɗaya suke cijewa. Wace jimla ce za ta faɗi gaskiya ba tare da ta koma zagi ko wasa ba?

Turanci yana da irin waɗannan maganganu fiye da goma, kuma ƙamus yakan jera su kamar duk abu guda suke nufi. Ba haka ba ne. Wata daga filin dambe ta fito, wata daga barikin soja, wata daga kasuwar hannun jari, wata daga kotu, kuma kowacce tana nan da halin gidansu. Wanda ya san inda magana ta taso ya fi saurin gane inda za ta zauna.

Bari mu fara da wadda masu koyon Turanci suka fi ƙauna, don mu sallame ta da wuri: "doesn't cut the mustard". Mastad wani yaji ne mai ruwan ɗorawa da Turawa ke shafa wa nama da burodi, kuma maganar ta fara bayyana a jaridun Amurka wajen ƙarshen ƙarni na 19. Kusan kullum a kore take zuwa, wato a ce wane ba ya iya yanka mastad ɗin, ana nufin bai kai ba, da wuya ka ji an yabi mutum da ita. Tana da daɗi a baki, shi ya sa ake haddace ta. Amma magana ce ta hira, ta ɗan tsufa, kuma akwai raha a cikinta. Bugu da ƙari, ana yawan haɗa ta da tsufa, a yi wa wanda shekaru suka ci ƙarfinsa habaici da ita. Ka rubuta ta a rahoton ma'aikacin da ya kusa ritaya, ka faɗi abin da ba ka yi niyya ba. A wurin kallon ƙwallo, idan ana tattauna ɗan wasan da aka sayo da tsada ya kasa zura ƙwallo, ta dace ƙwarai. A takardar ofis kuwa ba ta da wurin zama. Idan hirar ce, gajeruwar ƙanwarta "doesn't cut it" ta fi ta yawo a bakin mutanen yau, kuma babu ƙamshin tsufa a jikinta.

Akwai wadda ta yi kama da ita a kunne har mutane kan cakuɗa su, su ce "cut the muster", wanda kuskure ne. Ita ce "pass muster". Wannan ta soja ce, kuma ta girmi waccan nesa ba kusa ba, don tun ƙarni na 16 take cikin Turanci. Ainihin abin shi ne tara sojoji a jera su a fili, babba ya bi layi yana duba takalmi da maɓalli da makami. Wanda aka wuce ba a tsaya a kansa ba ya tsira. To ka lura da abin da wannan ke nunawa: ba a cewa sojan ya yi fice, ana cewa ne ba a kama shi da laifi ba. Saboda haka "won't pass muster" ta fi dacewa da abin da wani zai zo ya bincika, kamar rasit a gaban mai binciken kuɗi, hujja a gaban alƙali, ko uzurin da za a kai wa shugaba. Lauyoyin Amurka suna yawan amfani da ita idan suna magana kan ko wata doka za ta tsallake gwajin tsarin mulki. Tana shiga rubutun ofis ba tare da matsala ba, kuma amfaninta babba shi ne tana ɗauke nauyin hukunci daga kanka ta ɗora wa mai binciken da ke tafe. Idan ka ce wa akawu "These receipts won't pass muster with the auditors", ba ka ce ya yi sata ba, ba ka ma ce kai ne ba ka gamsu ba. Ka dai gargaɗe shi. A kula, ba a sa mata "the" a tsakiya.

Sai "not up to scratch", wadda ni a ganina ta fi kowacce kyawun tarihi. A damben Ingila na dā, kafin zuwan safar hannu, ba a ƙidaya goma a kan wanda ya faɗi. Dokokin da Jack Broughton ya tsara a 1743 sun ba shi daƙiƙa 30 ya dawo tsakiyar fage. Dokokin damben Landan na 1838 suka ƙara fayyace abin: ana jan layi a ƙasa a tsakiyar fagen, bayan hutun daƙiƙa 30 alƙali ya yi kira, ɗan dambe yana da daƙiƙa 8 ya tako da ƙafarsa ya tsaya a kan layin, ba tare da an tallabo shi ba. Wannan layin da aka karta shi ne "scratch". Wanda ya kasa isowa, an ci shi. Dokokin Queensberry na 1867 ne suka zo da ƙidayar goma da muka sani yau, layin ya ɓace, maganar ta rage.

Abin da ya sa tarihin ya shafi zaɓinka shi ne, maganar tana nuna abin da bai iso layi ba a yanzu, ba abin da ba zai taɓa isowa ba. Shi ya sa take da abokiyar tafiya, "bring it up to scratch", wato a gyara shi ya kai. Duk cikin jerin nan babu wadda ta fi ta barin ƙofar gyara a buɗe. Idan ƙaramin ma'aikaci ya kawo maka rahoto kana son ya koma ya sake, ita ce taka. Ta Birtaniya ce, kuma tana tsaka-tsaki: ta wuce hirar shayi, ba ta kai takardar kotu ba. Saƙon imel tsakanin abokan aiki, ko magana baki da baki a ofis, nan ne gidanta. Takwararta "not up to snuff", wadda ta samo asali daga garin tabar da ake shaƙa, yanzu an fi jin ta a Amurka, kuma ta fi kusa da raha. Ba ta da wani abin da za ta ba ka wanda ta farkon ba ta ba ka ba.

"Below par" kuma tana da tarko. Kalmar daga Latin take, tana nufin daidai wa daida, kuma 'yan kasuwar kuɗi ne suka fara rainon ta: takardar bashin da aka rubuta 100 a fuskarta, idan ana sayar da ita 95, ta faɗi ƙasa da darajarta ke nan. Daga nan ma'anar ƙasa da yadda aka saba ta fito. Amma a wasan golf abin a juye yake. A can "par" shi ne yawan bugun da ake sa ran gwani zai yi, galibi 72 a fili mai ramuka 18, kuma wanda ya gama da 68 ya yi ƙasa da adadin da bugu huɗu, wato ya yi abin yabo, don a golf mai ƙarancin bugu ne ke cin nasara. Mutane ba sa ruɗewa a magana ta yau da kullum, amma yana da kyau ka sani. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ma'aunin da take amfani da shi. Tana gwada abu da yadda shi kansa ya saba kasancewa. Ƙungiyar ƙwallon da ta saba cin wasa, ranar da ta yi sanyi, ita ce ake cewa ta yi "below par". Don haka akwai yabo a ɓoye a cikinta: mun san ka fi haka. Ga tsohon ma'aikaci mai ƙwazo wanda aikinsa ya ja baya a 'yan watannin nan, babu wadda ta fi ta adalci. Ga sabon da ba a taɓa ganin ƙwazonsa ba, ba ta da ma'ana sosai, don babu abin da za a gwada shi da shi. Turawan Ingila kan kuma ce suna jin jikinsu "below par" idan ba su da lafiya sosai, saboda haka idan mutum kake nufi, ka ambaci aikinsa, kar a ɗauka jinya kake masa. "Subpar" ita ce siffar da Amurkawa suka fi so, kuma ta fi bushewa, yabon nan na ɓoye ya ragu a cikinta.

Biyu na gaba kan mutane suke magana, kuma bambancinsu ya isa a tsaya a kansa, don nan ne ake yawan zaluntar mutum ba da gangan ba. "Didn't make the grade" tana nufin akwai matakin da aka gindaya, mutum bai kai shi ba. "Didn't make the cut" kuwa daga manyan gasannin golf ta fito, inda ake wasa kwana huɗu, bayan kwana biyun farko a yanke jerin, waɗanda ke sama su ci gaba, sauran su koma gida. Wanda aka yanke ba lallai ne ya yi wasa mara kyau ba, wasu ne kawai suka fi shi. Duk wanda ya bi ta jarrabawar WAEC da neman gurbin jami'a ya san wannan bambancin a jikinsa. Ɗalibin da ya samu D7 a lissafi alhali C6 ake nema, bai kai matakin ba. Amma wanda ya haɗa kiredit ɗinsa biyar, ya ci makin JAMB da ake buƙata, sannan gurbin karatun likita ya cika da waɗanda suka fi shi maki, wannan yanke shi aka yi. Idan kana rubuta wa wanda ya nemi aiki bai samu ba, kuma dalilin shi ne gurbi uku ne masu nema hamsin, kar ka yi amfani da ta farkon. Za ka gaya masa bai cancanta ba, alhali ya cancanta.

Yanzu ga wadda nake ba da shawarar a riƙe a matsayin ta kullum: "fall short of". Hotonta na kibiya ce da aka harba ta faɗi kafin ta isa inda aka auna. Ba ta da ado, ba wanda zai ce kai ka iya Turanci don ka rubuta ta, kuma wannan na cikin alherinta. Tana shiga ko'ina, daga wasiƙar gwamnati zuwa hira. Ba ta Ingila ba ce ita kaɗai, ba ta Amurka ba ce ita kaɗai. Amma babban dalilina shi ne ginin jimlar kansa: wannan "of" ɗin na ƙarshe yana tilasta maka ka faɗi abin da aka kasa kaiwa. Sauran duk suna ba ka damar yanke hukunci ka wuce. Ita wannan sai ta tambaye ka, bai kai me ba?

A ce an ba ɗan kwangila rufin ajujuwa, takardar yarjejeniya ta ce kwanon ya zama mai kaurin milimita 0.55, ka je ka auna ka tarar 0.45 ya sa. Idan ka rubuta "The roofing is not up to scratch", zai ce ra'ayinka ne, shi a wurinsa rufin ya yi kyau, a shiga ja-in-ja. Idan ka rubuta "The roofing doesn't cut the mustard", zai yi dariya, kuma lauyansa ma zai yi. Idan kuwa ka rubuta "The roofing falls short of the agreed specification: 0.55mm was specified, 0.45mm was installed", magana ta ƙare. Babu zagi, babu wurin musu, kuma ko shekara biyu aka yi aka buɗe fayil ɗin, wanda bai san ku ba zai fahimci abin da ya faru. Rauninta ɗaya ne: ana iya cika gurbin da iska. "Fell short of expectations" ba ta faɗi komai ba idan ba a taɓa gaya wa mutumin abin da ake sa rai ba. Kuma ita kanta ba ta nuna girman giɓin, sai ka ƙara "just" idan kaɗan ya rage, ko "far" idan tazarar da nisa. Dangin nata biyu suna da nasu wurin: "didn't live up to" ta fi dacewa da abin da aka cika baki a kansa tun farko, alƙawari ko talla ko suna, yayin da "doesn't measure up" ta fi ciwo idan aka ɗora ta kan mutum, musamman idan ana gwada shi da wanda ya gada.

Akwai kuma masu nauyi, waɗanda bai kamata a ɗaga su don ƙaramin abu ba. "Not fit for purpose" harshen doka ne. Dokar sayar da kaya ta Birtaniya ta 1893, wadda Najeriya ma ta gada cikin dokokin zamanin mulkin mallaka, ta tanadi cewa kayan da aka sayar su dace da abin da aka saye su dominsa, kuma dokar haƙƙin masu sayayya ta Birtaniya ta 2015 ta ci gaba da riƙe wannan sharaɗin. Maganar ta fita daga kotu ta shiga bakin 'yan siyasa a 2006, lokacin da sabon sakataren harkokin cikin gida na Birtaniya, John Reid, ya siffanta sashen shige da fice na ma'aikatarsa da ita a gaban kwamitin majalisa. Shekara guda bayan haka aka raba ma'aikatar, aka kafa ta shari'a daban. Tun daga nan ta zama abin da ake jifan hukumomi da shi. Ma'anarta ba wai abu ya ɗan gaza ba ne, tana nufin ba zai yi aikin da aka samar da shi dominsa ba. Janareton da ba ya iya ɗaukar injin da aka gaya wa mai sayarwa za a haɗa masa, wannan ya cancance ta. Janareton da fentinsa ya karce, a'a. Kuma ba a faɗa wa ɗan Adam ita, sai dai idan faɗa ake nema.

"Substandard" ma haka take, kalmar hukuma ce, irin wadda NAFDAC da hukumar kula da ingancin kaya ta SON ke amfani da ita. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba tsakanin maganin da ta kira "substandard", wato na halal ne amma bai cika ƙa'idar inganci ba, da wanda ta kira "falsified", wato jabun da aka yi ƙarya da gangan kan abin da ke cikinsa ko inda ya fito. Mai rubutu kan kaya ya riƙe wannan: ta farko zargin gazawa ce, ta biyu zargin ha'inci. Sai "found wanting", wadda ta fito daga Littafin Daniyel, sura 5, aya 27, a fassarar Turanci ta 1611, inda aka gaya wa Sarki Belshazzar na Babila cewa an ɗora shi a ma'auni an tarar bai cika ba. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan abin da ake nufi da mudun da bai cika ba. Magana ce ta sharhin jarida da hukuncin tarihi, ta shugaban da jarrabawa ta zo masa ya kasa. Ka ɗora ta a kan masinjan da ya makara, ka zama abin dariya.

A ɗaya gefen akwai masu laushin baki, kuma a nan ne mu da Turawan Ingila muke saɓawa. "Leaves much to be desired" a kunnenmu kamar lallashi take, amma a wurinsu suka ce mai zafi da aka sa wa riga. 'Yan uwa na Nijar za su gane ta nan take, don daidai take da "laisse à désirer" ta Faransanci. Tana da kyau idan wanda kake sukar ya girme ka a matsayi, amma ba ta faɗin abin da za a gyara. "Nothing to write home about" kuwa jaridun Najeriya sun mayar da ita ta abin da ya lalace gaba ɗaya, a ce hanyoyin gari ko asibiti haka suke, ana nufin sun mutu. A Ingila ba ta kai nan ba, ma'anarta ba yabo ba fallasa, abin da bai taka kara ya karya ba. Idan ka rubuta wa Bature ita kana nufin rijiyar burtsatsen da aka haƙa ba ta ba da ruwa sam, zai ɗauka tana aiki, ba ta dai burge ka ba ne. "Damp squib", wato abin fashewar da ya jiƙe ya ƙi tashi, ta taro ce da biki da duk abin da aka yi ta yayatawa ya zo ya wuce shiru. Da harafin b take ƙarewa, ko Turawan ma da yawa suna kuskuren sa mata d.

Su kansu hukumomin Ingila, idan abin ya zo ga rubuta hukuncin da zai shafi aikin mutane, guje wa adon magana suke yi. Hukumar duba makarantu ta Ofsted ta daɗe tana da matakin da take kira "satisfactory", sai a 2012 ta sauya shi da "requires improvement", saboda kalmar farko tana sa makaranta ta ɗauka ta tsira alhali ba ta kai yadda ake so ba. Mai cika fom ɗin auna ƙwazon ma'aikata na shekara zai iya aron wannan kai tsaye: ya rubuta cewa abu kaza yana buƙatar gyara, ya faɗi wane abu ne, ya sa lokacin da za a sake dubawa.

Duk abin da aka faɗa a sama ya ɗauka cewa mai karanta takardarka ya tashi cikin Turanci ko ya ƙware a kansa. Sau da yawa ba haka ba ne. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke rubuta wa masana'anta a Guangzhou, ko wakilinsa a Dubai, yana magana ne da wanda shi ma Turancin aro ne a wurinsa, kuma wataƙila manhajar fassara zai liƙa saƙon a ciki. Manhajar na iya mayar masa da mastad a matsayin yaji, layin dambe a matsayin karce a jikin kaya, har ya amsa maka cewa ai kayan ba su karce ba. A irin wannan hali ko "fall short" ma ka ajiye ta. Ka rubuta "does not meet", ka bi ta da lambar oda, abin da aka yi yarjejeniya a kai, abin da ya iso, da hoton ma'auni a jikin yadin, sannan ka faɗi abin da kake so a yi: a canza kayan, a rage kuɗi, ko a mayar maka da abin da ka biya, da ranar da kake jiran amsa.